Ranar Da Aka Sayar Da San Huɗa: Wa Ke Biyan Kuɗin Lafiyar Talaka?



'Yan uwana makaranta, yau dai ku yi mini afuwa, ba ci gaban labari na kawo muku ba. Na san akwai masu zaman jiran su ji yadda za ta kaya tsakanin amarya da uwargida, to su ƙara haƙuri zuwa fita ta gaba idan Allah ya kai mu da rai da lafiya. Akwai wata magana da ta tokare mini maƙogwaro tun daminar bara, na yi ta haɗiyewa ta ƙi wucewa, shi ya sa na ga gara na amayar da ita a gabanku ko na samu sauƙi.

Bari na fara da tona wa kaina asiri. Shekara ashirin da ɗoriya ina rubuta littattafai, kuma da wuya ka buɗe littafina ba ka tarar da asibiti a ciki ba. Yarinya za ta yanke jiki ta faɗi saboda an raba ta da masoyinta, Alhaji ya sungume ta ya sa a bayan mota mai sanyi, ya nufi asibitin kuɗi, likita kyakkyawa mai farin gilashi ya fito ya ce jininta ne ya hau. In abin ya yi tsanani sai na yanka mata tikiti zuwa Masar ko Indiya ko Ingila, a shafi biyu ta warke ta dawo da tsaraba. Ban taɓa tsayawa na rubuta wanda ya yanki kati ba, ko nawa aka biya, ko me aka sayar kafin a biya. A littattafanmu kuɗin asibiti daga sama yake faɗowa. Ni kuwa haifaffiyar Rawayau ce ta ƙasar Kurfi, na san sarai ba haka abin yake ba, amma na yi ta rufe ido saboda abin da kasuwa ke so. Sai bara Allah ya buɗe mini idon da ƙarfi.

Ɗiyar yayata tana aure a wani ɗan ƙauye da ke gefen Rawayau, cikinta na fari ne. Naƙuda ta kama ta bayan magariba, ana yayyafi. Tsofaffin gida suka ce haihuwar fari dama ta gaji daɗewa, a ba ta lokaci. Aka jiƙa rubutu, aka kira ungozomar gargajiya, baiwar Allah ta yi iya yinta. Wajen ƙarfe sha ɗaya ita da kanta ta fito ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a nemi asibiti. A nan aka fara kallon-kallo. Mijin yaro ne, abin da ke aljihunsa bai kai kuɗin man babur biyu ba. Ga dare, kuma duk wanda ya san yankin Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari a 'yan shekarun nan ya san abin da fitar dare ke nufi, ba wanda zai ba ka motarsa ya shiga hanya bayan isha'i don tsoron 'yan bindiga. Haka yarinyar nan ta kwana tana murƙususu har aka kira assalatu.

Da gari ya waye aka ɗora ta a babur, mace ɗaya ta riƙe ta ta baya, zuwa wani ƙaramin asibiti da ba zan kama sunansa ba. Ma'aikacin da suka tarar mutumin kirki ne, shi kaɗai ne kuma a wurin. Ya duba ta ya ce yaro ya zo a karkace, aiki ne na tiyata, su yi maza su wuce babban asibiti. Motar ɗaukar marasa lafiya babu, sai shata aka yi. A lokacin ne yayata ta kira ni tana kuka, na baro Katsina na tarye su. Ko da na isa na iske an miƙa wa mijin wata doguwar takarda: safar hannu, ruwan ƙari, allurai, zaren ɗinki, auduga, sai kuma jini leda biyu, a kawo masu bayarwa a kuma biya kuɗin gwaji. Yaron nan ya dube ni hannunsa na rawa ya ce, "Inna, wallahi ko rabin wanga ban da shi." Na zazzage abin da ke jakata, bai isa ba. Mahaifinsa, dattijo mai furfura, ya koma gefe ya kira wani dillali a waya ya ce ya je gida ya kwance sa ɗaya daga cikin shanun huɗarsa guda biyu, ya turo abin da ya samu, ranar kasuwar Charanci sa yi lissafi. Wanda duk ya taɓa sayar da dabba cikin gaggawa ya san irin farashin da ake yi mata.

An yi aiki bayan azahar. Uwa ta rayu, alhamdu lillahi. Jaririn kuwa namiji ne, an ciro shi ba rai. Likitan da ya yi aikin, wanda na ga alamar ko barcin kirki bai yi ba, abin da ya ce da mu shi ne da an kawo ta tun daren jiya da wataƙila labarin ya sha bamban. Muka ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, muka ɗauki ƙaddara. Amma ku lura da abin da ya biyo baya: sa ɗaya ba ya jan garma. Gidan nan da ke huɗa gonarsu har su yi wa wasu ƙwadago, a sauran daminar sai da suka koma haya, gonar da ba su iya biya ba suka bar ta. Hatsin da suka samu bai kai su bazara ba. Rashin lafiyar kwana ɗaya ta cinye musu abincin shekara.

Na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, kwanan jaririn nan ne ya ƙare. Sai dai addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya umarce mu da neman magani da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Shi ya sa da na dawo gida na shiga tambaya da bincike, ni da ko jami'a ban je ba, iyakata sakandare: shin wai yaya aka tsara harkar lafiyar nan a ƙasarmu, wa ke da alhakin me, kuma ina kuɗin ke fitowa? Abin da na fahimta shi zan ɗan gutsura muku.

Asibitocin gwamnati a Nijeriya hawa uku ne, kamar murhu mai duwatsu uku. Hawa na sama shi ne manyan asibitocin koyarwa da na ƙwararru, mafi yawansu a hannun Gwamnatin Tarayya, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Hawa na tsakiya shi ne manyan asibitocin jiha, irin na Dutsin-Ma da Funtuwa da Malumfashi, inda ake sa ran samun likita da ɗakin tiyata da wurin ajiyar jini. Hawa na ƙasa kuwa shi ne ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani na mazaɓu da ƙauyuka, inda ake awon ciki da rigakafi da karɓar haihuwa da maganin zazzaɓi da gudawa. Wannan hawa na ƙasa shi ne na talaka, shi ne ƙofar da mutumin Rawayau da Tsauri da Wurma da Birchi da Barkiya zai fara ƙwanƙwasawa. To a tsarin asali, wa aka ɗora wa wannan ƙofa? Ƙaramar hukuma, wato wadda ta fi kowa rauni da ƙarancin kuɗi a cikin gwamnatocin uku. An ɗauki kaya mafi nauyi an aza wa jaki mafi rama. Daga baya an yi gyara, aka tattara ƙananan asibitoci a ƙarƙashin hukuma guda ta jiha, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Amma kowa ya san tsakanin hukunci a takarda da magani a kan kanta akwai tafiya mai nisa.

Kuma kada ku ɗauka tunanin kula da hawa na ƙasa sabo ne. Tun 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa lafiya a matakin farko ita ce ginshiƙi, har suka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. A nan gida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992 ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen kai rigakafi da ruwan gishiri da sukari ƙauyuka. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka zauna a Bamako suka fito da dabarar asusun magani mai juyawa: a zuba wa asibiti magani, a sayar da sauƙi, a sake saro wani da kuɗin. Mu da muka yi wayo a zamanin PTF muna tuna lokacin da aka cika asibitoci da magani mai tambarinta. Ina duk suka tafi? Asusu mai juyawa ya juya ya juya har ya ɓace, aka koma gidan jiya, wato a rubuta maka takarda ka tsallaka titi ka saya a kemis.

Mu zo kan kuɗi, don nan ne gizo ke saƙa. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a cikin gidanmu, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Mu masu masaukin baƙi, Gwamnatin Tarayyarmu ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, yawancin shekaru tana yawo ne a wajen kashi 4 zuwa 6. To giɓin wa ke cike shi? Ni da kai ne, mai karatu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a duk naira ɗari da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya, sama da naira saba'in daga aljihun majiyyaci da danginsa take fitowa kai tsaye. Wannan ita ce hanya mafi muni ta biyan kuɗin lafiya, domin tana neman kuɗi a wurin mutum a daidai ranar da ya fi kowace rana rauni, ranar da ba ya iya aiki, ba ya iya ciniki, ba ya iya cewa a bari sai gobe. San huɗar dattijon nan yana cikin wannan naira saba'in ɗin. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira kuwa, kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabo, wanda da yake iya sayen cikakken magani ya koma sayen rabi.

Sakamakon a bayyane yake. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 sun ce mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a dalilin ciki da haihuwa a wannan shekara kaɗai, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya, kuma kowa ya san Arewa ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka. A Yulin 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, a daidai lokacin da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka rage tallafin da suke bayarwa. Wanda ya je Babbar Ruga kuwa, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinke mata masu yoyon fitsari, zai ga abin da doguwar naƙuda ke bari a jikin waɗanda suka tsira da rai. Ɗiyar yayata saura ƙiris ta shiga wannan layi.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki, wanda na tabbata da yawa cikinku ba su sani ba kamar yadda ni ma ban sani ba. Ashe akwai doka, akwai kuma kuɗi da sunanmu. A 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa wani asusu na kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Yadda dokar ta raba shi: rabi don biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani ta hanyar inshora, kashi 45 don magunguna da gyaran ƙananan asibitoci da ma'aikata, kashi 5 don agajin gaggawa. Ƙananan asibitoci sama da 8,000 a faɗin ƙasa, kusan ɗaya a kowace mazaɓa, suna karɓar wani kaso kai tsaye a asusunsu na banki duk bayan wata uku. Jihar Katsina tana da mazaɓu 361 a ƙananan hukumomi 34, Rawayau kaɗai mazaɓa biyu ce. Wannan dokar dai ta ce ba a yarda wani asibiti ya ƙi karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa ba. A Mayun 2022 kuma aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya da ta maye gurbin tsohuwar NHIS, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. A jiharmu akwai Hukumar Taimakekeniyar Lafiya da aka kafa zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa shi ma ya ɗauki alkawarin samar da ingantaccen ƙaramin asibiti a kowace mazaɓa, kuma an ga gine-gine suna tashi.

Duk wannan na ji shi ne bayan an riga an kwance sa. A gidan su yarinyar nan babu mutum ɗaya da ya taɓa jin labarin ko ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba kuwa, da shi da babu duk ɗaya ne, kuma irinsa ya fi daɗin ci ga wanda ba ya tsoron Allah.

Gini kuma shi kaɗai ba ya karɓar haihuwa. Fenti da sabon kwano abin so ne, amma abin da mai naƙuda ke buƙata ƙarfe biyun dare shi ne ungozoma mai horo wadda ke kwana a wurin, da wutar sola, da ruwa, da allurar tsayar da jini, da motar da za ta miƙa ta gaba in abin ya faskara. A nan ba zan ga laifin ma'aikata kaɗai ba. Mutum ɗaya ne ake bar wa asibiti, shi ne likita, shi ne nas, shi ne mai ba da magani, ga tsoron a zo a sace shi cikin dare. Ministan lafiya da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuma mafi yawansu suna manyan birane. I, akwai masu tsawa da wulaƙanci, musamman a ɗakin haihuwa, kuma wannan na cikin abin da ke korar matanmu daga asibiti, dole a faɗa. Amma mu riƙa tunawa da cewa wanda aka bar shi da majiyyata hamsin shi kaɗai, haƙurinsa ma ƙarewa yake.

Akwai wani abu da nake tunawa da shi cikin ladabi, ba don cin fuska ba. Jiharmu ta ba Nijeriya shugabanni biyu a wannan jamhuriya. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi jinya a Jidda daga ƙarshen 2009, ya rasu a Mayun 2010. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi ta zuwa Landan ganin likita, a can kuma Allah ya karɓi ransa a Yulin 2025. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin lura shi ne, muddin manya suna da wata ƙofar fita, asibitin gida ba zai taɓa zame musu abin da ke hana barci ba. Ingilar da ake zuwa kuwa, tun 1948 suka kafa tsarin da ake biya daga haraji, mai shara da minista layi ɗaya suke bi wurin ganin likita.

Wani zai ce ai Ingila ta yi mana nisa. To mu leƙa kusa. Maƙwabtanmu Nijar, da ba su kai mu arziki ba, tun wajen 2006 suka ayyana tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Sun sha fama, domin gwamnati ta yi ta jinkirin biyan asibitoci har magani ya riƙa yankewa, wanda hakan darasi ne: kalmar "kyauta" ba ta da amfani in ba a faɗi wanda zai biya ba. Ghana ta yi dokar inshorar lafiya a 2003, ta ɗora kashi biyu da rabi a kan harajin kayayyaki don ciyar da asusun. Ruwanda, wadda ta fito daga kisan ƙare dangi a 1994, ta gina asusun taimakekeniya na ƙauyuka, kowane gida ya zuba kaɗan a shekara, gwamnati ta biya wa wanda ba shi da hali, har mafi yawan jama'arta suka shiga. Dukansu dabara ɗaya ce: a tara kuɗi tun ana lafiya, a tara na mutane da yawa, don ranar da ciwo ya faɗa wa mutum ɗaya kada ya ɗauka shi kaɗai.

Na san abin da wasu za su ce, don na ji shi a gidanmu. Na farko, wai inshora caca ce. Ni ba malama ba ce, ku tambayi malamanku, amma malamai da yawa sun bambanta inshorar kasuwanci da asusun taimakon juna, wanda kowa ke zubawa da niyyar agaza wa ɗan uwansa. Mu da muka gaji gayya da adashi da gudummawar biki, wa zai koya mana taimakekeniya? Mace za ta yi shekara tana zubin adashi don kayan ɗakin ɗiyarta, amma ba a ware ko sisi don ranar da ɗiyar za ta haihu. Na biyu, wai an sha mu mun warke, duk kuɗin da ya shiga hannun hukuma ya tafi ke nan. Wannan ƙorafi yana da tushe. Mutanenmu sun daɗe suna tambaya, me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon shan inna kyauta, amma in yaro na zazzaɓi sai mun saya? Rigakafin nan ya yi amfani, shi ya kai mu ga ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020, sai dai tambayar tasu tana nan ba a amsa ba. Yarda ba ta samuwa da sanarwar rediyo, sai ranar da mutum ya je da katinsa aka ba shi magani bai biya ba, ya koma ya ba maƙwabcinsa labari. Na uku, wai talaka ba shi da abin zubawa. Gaskiya ne akwai wanda ko na abinci ba shi da shi, irin wannan gwamnati ce da zakka da waƙafi da masu hali ya kamata su biya masa. Amma gidan da ya iya rasa sa guda a yini ɗaya, da an nuna masa hanya zai iya ba da tiya kaɗan na gero a kaka.

Saboda haka ga 'yan shawarwarina, ni 'yar talakawa. Ga gwamnati: a sa kuɗi a mutane kamar yadda ake sawa a bulo. Muna da makarantar ungozoma a Malumfashi, da ta jinya a Katsina, da na kimiyyar lafiya a Kankiya da Daura. A ɗauko 'yan matan Rawayau a horar da su a mayar da su Rawayau da albashi, domin 'yar gari ba ta gudun garinsu, kuma mata sun fi sakin jiki da ita. A liƙa a bangon kowane ƙaramin asibiti, da Hausa da ajami, nawa ya shigo a wannan zango, me aka saya, waɗanne abubuwa ne kyauta. A biya asibitoci kuɗin inshora a kan lokaci. A kuma tuna cewa tsaro ma magani ne, don asibitin da ba a iya zuwa da dare rabin asibiti ne.

Ga mu jama'a: kowace mazaɓa ana son ta kasance da kwamitin ci gaba da ke sa ido a kan asibitinta. Ka tambayi mai unguwarku ko dagaci su wane ne a ciki, yaushe suke zama, mata nawa ne. 'Yan boko da 'yan kasuwar da suka fito daga ƙauye suke zaune a Katsina da Kano da Abuja, maimakon a jira sai an kira ku ana kuka, ku haɗa kuɗi ku yi wa masu ciki da tsofaffin garinku rajistar taimakekeniya ta shekara. Magidanta, ranar da aka ce matarka na da ciki, ranar za ka fara ajiya, ka bar ta ta je awo, ka san direban da za ka kira, ka san 'yan uwan da za su ba da jini, ka kuma bar izini a gida cewa ko ba ka nan a kai ta asibiti. Limamai su taimaka mana da wannan a huɗuba, don maganarsu ta fi tawa shiga.

Ga 'yan uwana marubuta kuwa, mu ji tsoron Allah da alƙalumanmu. Matan da ke karanta mu a ɗaki da waɗanda ke sauraren littattafanmu a rediyo da waya sun fi masu karanta jarida yawa nesa ba kusa ba. Mun koya musu sunayen turaruka da leshi da motoci, har da unguwannin Dubai. Me zai hana jarumarmu ta je awo, ta san alamun haɗari kamar kumburin ƙafa da ciwon kai mai tsanani da zubar jini, ta san akwai katin da aka tanada don irinta? Soyayya ba za ta ragu ba don an nuna miji yana tara kuɗin haihuwa, ni a ganina ma nan ne take. Na yi wa kaina alkawari, littafina na gaba ba mai zuwa Indiya, a layin yankar kati za a fara shi.

Da Sallah ƙarama na je Rawayau na ƙarasa ƙauyen na duba ɗiyata. Ta murmure, har tana dariya. Na gaida surukinta a zaure, na yi masa jaje, ya ce, "Hajiya, ba komai, dukiya ai fansar rai ce." Na leƙa turke na ga san da ya rage yana tsaye shi kaɗai, garma na jingine a bango. Dattijon ya ce yana fatan in kaka ta yi kyau ya samo masa ɗan uwa. Yarinyar kuma ta raɗa mini cewa tana jin kamar ta sake samun wani cikin. Na yi mata murna, na kuma ce gobe da safe ta shirya, ni da ƙafata zan raka ta awo, daga nan mu wuce mu tambayi inda ake rajista.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu. Wanda ya ga kuskure a maganata ya gyara mini, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.